Daga Takarda Zuwa Linzami: Tarken Wasannin Kwamfuta na Labarin Captain Tsubasa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna tattauna abin da kan sami labari idan aka ɗauke shi daga wani mazubi aka juye shi a wani. An yi wannan muhawara a kan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan kwaikwayo, sa'an nan Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. An sake yin ta sa'ad da marubutan Kano suka fara juya littattafansu zuwa bidiyo, kamar yadda Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi wa In Da So Da Ƙauna a 1994. A duk waɗannan juye-juye abu ɗaya bai sauya ba, watau mai karɓar labari yana nan a matsayinsa na ɗan kallo. Ko ya karanta, ko ya saurara, ko ya zuba ido, ba shi da ikon hana Shaihu Umar faɗawa hannun masu cinikin bayi.

Akwai wani mazubi da ya rushe wannan ƙa'ida, shi ne wasan kwamfuta, wanda yaran birni ke kira gem. A nan ana miƙa wa mai karɓar labari linzami a hannu, a ce masa shi ne tauraron. Adabin Hausa bai riga ya shiga wannan mazubi da gaske ba, saboda haka wannan maƙala za ta dubi inda abin ya daɗe yana gudana, watau ƙasar Japan, ta bi tarihin labari ɗaya tak da aka shekara fiye da talatin ana mayarwa wasa. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa wasannin da suka dace da labarin su ne waɗanda suka riƙe tafiyar lokacinsa, ko da sun saki abubuwan da suka auku a cikinsa.

Asalin labarin

Manga suna ne da Japanawa ke kiran labarin zane, wanda ake bugawa kashi-kashi a mujalla, daga baya a tattara shi cikin littattafai. Yoichi Takahashi, wanda aka haifa a Tokyo a 1960, ya kamu da son ƙwallon ƙafa bayan ya kalli gasar cin kofin duniya ta 1978 da aka yi a Ajantina. A 1981 ya fara buga Captain Tsubasa a mujallar mako-mako ta Shonen Jump, ya ci gaba har 1988, aka tattara shi cikin littattafai 37. Jigon ba shi da wuyar faɗi: wani yaro mai suna Tsubasa Ozora yana burin ɗauko wa Japan kofin duniya, a lokacin da ƙasar ba ta taɓa zuwa gasar ba, ba ta ma da gasar ƙwararru ta cikin gida, domin sai a 1993 aka buɗe ta. A gefensa akwai Wakabayashi mai tsaron gida, da Misaki abokin tafiyarsa, da Hyuga babban abokin hamayyarsa, ɗan talakawa wanda mahaifinsa ya rasu, yake rabon jarida don ya taimaki mahaifiyarsa. An mayar da labarin zane mai motsi na talabijin daga 1983 zuwa 1986, kashi 128, kuma ta wannan hanya ya zaga duniya yana sauya suna: Larabawa suka san tauraron da Kyaftin Majid, mutanen Sifen da Oliver, Faransawa da Olivier.

Wanda duk ya buɗe littafin zai lura da cewa ƙwallon da ke cikinsa ba ta tafiya da agogon alƙalin wasa. Bugu ɗaya yakan cinye shafuka da dama. Ɗan wasa ya ɗaga ƙafa, sai a bar ƙafar a sama a koma ƙuruciyarsa, a nuna alkawarin da ya yi wa wani, a ji ta bakin 'yan kallo, a leƙa zuciyar mai tsaron gida, kafin ƙafar ta sauka. A talabijin abin ya kai ga masu kallo suna ba'a cewa filin ya fi gari tsawo, tun da 'yan wasa kan yi ta gudu kafin raga ta ɓullo daga nesa. Masu ba'ar sun ga abin da ke akwai, amma sun yi masa mummunar fahimta. Bahaushen da ya saba da filin dambe ba zai yi wannan kuskure ba. Naushin da kan kayar da ɗan dambe bai wuce ƙiftawar ido ba, amma abin da ya tara jama'a ya haɗa da kiɗan kalangu, da kirari, da taƙama, da zagayen fili, da ambaton waɗanda aka kayar a baya. Da za a cire abin da Ɗan Anace ya yi wa Shago a bar naushin kaɗai, da an rage wa Shago fiye da rabin girmansa. Jinkirin Takahashi kirari ne da aka yi da alƙalamin zane, kuma a cikinsa labarin yake zaune.

Dabarar kamfanin Tecmo

Wannan ita ce matsalar da ta fuskanci kamfanin Tecmo a 1988, sa'ad da ya fitar da wasan farko a kan na'urar Famicom ta kamfanin Nintendo. Na'urar ba ta da ƙarfin nuna mutum ashirin da biyu suna motsi yadda zai gamsar, kuma ko da tana da shi, wasan ƙwallo na sosai ba ya barin wurin kirari. Sai masu tsara wasan suka raba fuskar talabijin. A sama ana ganin ɗan wasan da ke riƙe da ƙwallo shi kaɗai, babba, kamar a shafin littafi. A ƙasa kuma ga ɗan taswirar fili da bayanin mai sharhi. Da zarar abokin hamayya ya tare hanya, sai kome ya tsaya cik, a ba mai wasa zaɓi: ya yanke, ko ya miƙa wa wani, ko ya buga raga. Zai iya zama ya yi tunani iyakar son ransa. In ya zaɓa, na'urar ta auna ƙarfin 'yan wasan biyu da lissafi, ta haɗa da ɗan rabo na sa'a, sa'an nan ta nuna sakamakon da zane, fuska ta cika allo, ƙwallo ta lanƙwashe, raga ta yage.

A taƙaice, wasan ya fi kusa da dara a kan ƙwallon ƙafa. Gwanintar da yake nema ta tunani ce da tattali, domin kowane ɗan wasa yana da ma'aunin ƙarfin zuciya da ke raguwa, kuma shahararren bugun da aka san shi da shi a littafi yana cin kaso mai yawa daga ciki. Wanda ya yi almubazzaranci da bugun Tsubasa tun farkon wasa zai iske shi fanko a lokacin da ake bukatarsa. Ta wannan hanya aka mayar da halayen taurari lissafi ba tare da an kashe su ba. Misali mafi kyau shi ne Misugi, gwanin da ke fama da ciwon zuciya a littafi. A wasan, ƙarfinsa yana saurin ƙarewa, saboda haka mai linzami yakan tsinci kansa cikin irin zullumin da mai horad da shi ke ciki a labarin: a sa shi yanzu, ko a adana shi? Wannan juyi ne na gaske, domin abin da mai karatu ya ji don tausayi, mai wasa ya ji shi don ya zama nauyi a wuyansa.

Wasan farkon ya bi littafi sau da ƙafa, daga gasar makarantu zuwa gasar matasa a Faransa, har da wani ɓangare da ake yawo cikin birnin Paris ana neman Misaki, wanda bai ƙara wa wasan kome ba sai tsawo. Na biyun, Super Striker na 1990, shi ne ya fi cancantar nazari. A lokacin Takahashi ya riga ya ajiye alƙalami, ya bar Tsubasa a kan hanyarsa ta zuwa Brazil. Babu sauran littafin da za a bi. Sai ma'aikatan Tecmo suka ƙago ci gaban da kansu: suka sa shi a ƙungiyar Sao Paulo, suka ƙirƙiro masa abokan hamayya da sabon bugu, suka kai Japan karawar ƙarshe da Brazil. Shekara huɗu bayan haka, a 1994, marubucin ya dawo da nasa ci gaban mai suna World Youth, wanda ya bi wata hanya dabam, ya bar mutanen Tecmo a waje. Aka wayi gari labari ɗaya yana da reshe biyu, kuma ga dubban yara a ƙasashen Larabawa da Kudancin Amurka, waɗanda wasan ya isa gare su ta na'urorin kwaikwayo masu araha da fassarar masu sha'awa, reshen Tecmo shi ne na ainihi. Ga mai nazarin tatsuniya wannan ba baƙon abu ba ne, tun da babu wanda ya taɓa tambayar wace ce sahihiyar tatsuniyar Gizo. Baƙon abu shi ne aukuwarsa ga rubutaccen labari mai marubuci sananne, yana raye, yana riƙe da haƙƙin mallakarsa.

Amma fa akwai inda dabarar ta gaza, kuma bai kamata a rufe shi ba. An ce wa mai wasa shi ne tauraro, alhali kuwa ƙaddarar tauraron a rubuce take. In aka ci shi, labarin ba ya karɓar wannan faɗuwa. Sai a mayar da shi baya ya sake karawar, 'yan wasansa sun ɗan ƙara ƙarfi, har ya yi nasara. Faɗuwarsa kamar ba ta auku ba. Takahashi kuwa ya fi wasan ƙarfin hali, domin ya bari an ci ƙungiyar Tsubasa a zagayen farko na gasar firamare, kuma ya ƙare gasar makarantun gaba da ita da kunnen doki, ci 4 da 4, aka raba kofi tsakanin Tsubasa da Hyuga. Sai a wasa na huɗu, na 1993 a kan Super Famicom, Tecmo ya gwada barin labari ya yi rassa gwargwadon sakamakon wasu karawa. Na biyar, a 1994, ya fara nuna filin da 'yan wasa suna motsi a kai, kuma da shi zamanin Tecmo ya ƙare.

Kafin a bar wannan zamani, ya dace a ambaci abin da aka yi wa wasan farko sa'ad da aka kai shi Amurka a 1992 da sunan Tecmo Cup Soccer Game. An goge Tsubasa, aka sa wani yaro mai farin gashi wai shi Robin Field, aka sauya sunayen sauran, aka bar lissafin yadda yake. Sakamakon ya zama kirari ba tare da an san wanda ake yi wa ba: wasa yana tsayawa, fuska tana cika allo, amma babu tarihin da ke bayan fuskar. A gwada wannan da aikin Abubakar Imam a Magana Jari Ce, inda ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai. Imam bai tsaya ga sauya suna ba, sai da ya sauya fada, da kasuwa, da abin dariya, da abin kunya, har labarin ya manta inda ya fito.

Inda labari ya haɗu da fili

Akwai wata rana da wannan tarihi ya ratso ta Kano. Labarin World Youth ya ƙare a 1997 da Japan ta ɗauki kofin matasa na duniya a takarda. A watan Afrilu na 1999 Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar ta gaske, kuma a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, daf da tsofaffin karofin rini, matasan Japan suka buga wasansu na farko, Kamaru ta ci su 2 da 1. Tsara ce da ta tashi da karatun Tsubasa, irin su Shinji Ono da Naohiro Takahara, ƙarƙashin Philippe Troussier wanda ya taɓa horad da 'yan wasan Nijeriya. Suka farfaɗo, suka kai wasan ƙarshe a Legas, Sifen ta lallasa su 4 da nema. Babu wanda ya mayar da su baya su sake. Nijeriya ma ta shiga littafin daga bisani, a kashin Golden-23 da aka fara a 2005, da wani gwani mai suna Ochado wanda ba ya bukatar a faɗi daga wa aka samo shi.

Dalilin kawo wannan shi ne, tun daga tsakiyar shekarun 1990 wasannin Tsubasa suka shiga gasa da wasannin da ke kwaikwayon wancan fili na gaske, watau FIFA na kamfanin EA da Winning Eleven na Konami. Su ne suka mamaye shagunan gem na lungunan birnin Kano da waje, inda matasa kan biya kuɗin karawa ɗaya, mutum biyu su zauna gaban talabijin ɗaya, sauran su tsaya a baya suna jiran wanda za a cire. A irin wannan zama babu mai haƙurin jiran na'ura ta yi wa ɗan wasa kirari, domin 'yan bayan suna yin nasu da baki. Wasan Tecmo na mutum ɗaya ne da labari, kamar mai karatu da littafinsa. Wasan shago kuwa na dandali ne. Kamfanonin da suka gaji Tsubasa, Bandai a tsakiyar shekarun 1990 da kuma 2006, Konami a 2002 da 2010, sun yi ta kai-kawo tsakanin waɗannan gidaje biyu, wani lokaci su saki ƙwallo ta gudu sa'an nan su datse ta da zanen bugu, wani lokaci su koma ga zaɓi da kati. Mafi yawansu ba su zauna a ko ɗaya ba, kuma ba su bar abin da za a daɗe a kansa ba.

Biyu daga cikin na baya-bayan nan sun fi bukatar magana. Dream Team na kamfanin KLab, wanda ya fito a wayar hannu a 2017, ya dawo da tsarin tsayawa da zaɓi, har ana iya cewa shi ne magajin Tecmo ta fuskar zubi. Sai dai ya zo da wani abu da ya ci karo da jigon labarin. Ana samun 'yan wasa ne ta hanyar ƙuri'a, kuma ana iya sayen damar jefa ƙuri'ar da kuɗi, ba tare da sanin wanda zai fito ba. Tauraro ɗaya yana da siffofi barkatai, wata ta fi wata ƙarfi, sabuwa tana kashe kasuwar tsohuwa. A littafi, Hyuga ya sami bugunsa ne da wahala, yana dukan ƙwallo cikin igiyar ruwan teku. A waya kuwa ana samun wannan bugun da sa'a ko da aljihu. Labarin da ya ginu a kan cewa ɗan talaka zai kai da guminsa ya koma rumfar da mai kuɗi ke gaba, kuma malamin da ɗalibansa ke riƙe da waya ba ya bukatar a gaya masa kusancin wannan tsari da caca.

Rise of New Champions na 2020, wanda Tamsoft ya tsara, Bandai Namco ya fitar, ya bi ɗaya hanyar. Ƙwallo tana gudu ba tsayawa, amma an ba mai tsaron gida ma'aunin ƙarfi wanda sai an rage shi da bugu bayan bugu kafin a ci shi, watau an ɓoye tsohon lissafin a ƙarƙashin gudu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ɓangaren da mai wasa ke ƙera ɗan wasansa, ya ba shi suna da kama, ya shiga ɗaya daga makarantun da ke hamayya da ta Tsubasa. Wannan amsa ce mai hikima ga tsohuwar matsalar ƙaddara: tun da ba za a iya sakin Tsubasa ga hannun kowa ba, sai a buɗe wa baƙo ƙofa ya shigo gefensa, inda marubuci bai rubuta kome ba. Jinkirin nan mai kama da kirari ya ragu ƙwarai, kuma da shi aka rasa wani abu na ruhin littafin, amma an sami wuri na gaske ga mai linzami. Shi kuwa Takahashi, a watan Afrilu na 2024 ya daina buga labarin a mujalla, ya koma fitar da shi a intanet da zanen fensir.

In aka juyo gida

Littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya suna da zubin da mai tsara wasa zai yi kwaɗayi. Ganɗoki na Bello Kagara yaƙi ne bayan yaƙi. Ruwan Bagaja tafiya ce daga gari zuwa gari don neman abu ɗaya, da abokin hamayya mai ɓullowa a kowane zango, kuma da wuya a sami tsarin da ya fi wannan kama da na wasan kwamfuta. Amma tarihin da aka bi a sama ya nuna inda tarkon yake. Daɗin Ganɗoki yana cikin bakin Ganɗoki, cikin cika-bakinsa da kirarin da yake yi wa kansa a gaban yara. In aka bar sara da suka kaɗai, an yi Robin Field da rawani. Ruwan Bagaja kuma Alhaji Imam ne ke ba da shi da bakinsa bayan ya dawo gida da ruwan, saboda haka tun shafin farko an san bai mutu a hanya ba, an san ya samo. Ƙaddararsa ta fi ta Tsubasa ɗaurewa. Abin da ya rage a buɗe shi ne ramuwar gayya tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wadda ba a san wanda zai yi wa wani ba a kowane gari, kuma ba da ƙarfi ake yin ta ba, da baki ne da dabara. Wasan da zai dace da wannan littafi sai ya tsaya cik a gaban alƙali ko a ƙofar fada, ya ba mai wasa zaɓin abin da zai faɗa, kamar yadda Tecmo ya tsayar da ƙwallo a 1988. Kuma tun da shagon gem na mutum biyu ne, linzami na biyu na Zurƙe ne.